Yadda muke hutun Disambar 2021 a Jos da tsohuwa a gida, korona kuma ba ta tafi ba

Bara kamar yanzu, a Disambar 2020, wata Laraba da daddare, mu 11 ne a ɗakin Inna. Yayana ya iso daga Abuja da matarsa da 'ya'ya biyu, ƙanwarmu ta zo daga Bauchi da nata biyu, ga ni da nawa biyu. Sanyi ya sauko irin na Jos, wanda yake shiga har ƙashi. Tagar ɗakin tun farkon wata aka toshe ta da tsohon bargo, ƙofa a rufe, kaskon gawayi a tsakiya, butar shayi a kai. Yaya yana ta jan hanci. Inna ta tambaye shi, ya ce, "Ba komai Inna, ƙurar hanya ce, tun daga Hawan Kibo ta kama ni." Muka yi hira har ƙarfe 11.

Kwana biyar bayan nan Inna ta ture kwanon tuwo ta ce na manta gishiri a miya. Na ɗanɗana, gishiri ya ji. Da yamma na sa mata turaren wuta, ta ce wannan turaren ya tsufa, ba ya ƙamshi. Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Shekararta 74, tana da ciwon suga da hawan jini. Kwana 9 muka yi a asibiti, bututun oksijin a hancinta, ni kuma a kan benci a waje ina ƙirga mutanen da suka shiga ɗakinta a daren nan. Allah ya tashi kafaɗunta, amma har yau ba ta iya zuwa bakin titi ba tare da ta tsaya ta huta sau biyu ba.

Ni tela ce, kuma a wannan watan shagona ba ya rabuwa da mata masu karɓar ɗinkin biki da na Kirsimeti. Kusan kowacce in ta ga takunkumi a fuskata sai ta ce, "Haba Hajiya, ai korona ta wuce." Ba ta wuce ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 aka ba da labarin sabon nau'in da ake kira Omicron daga Afirka ta Kudu, ranar 1 ga Disamban nan hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar ya shigo Najeriya, kuma cikin mako guda Birtaniya ta rufe wa matafiyanmu ƙofa na 'yan kwanaki. Bara ma a daidai wannan lokacin cutar ta sake tashi, har Gwamnan Filato na lokacin, Simon Lalong, ya kamu, aka tura komawar makarantu zuwa 18 ga Janairu. Ba na ce wa kowa ya rufe gida ya fasa zumunci. Mun ɗanɗana kulle a 2020, mun san abin da ya yi wa tukunyarmu. Abin da zan faɗa shi ne yadda muka tsara gidanmu bana, domin baƙi su zo, a ci a sha, Inna kuma ta ga Janairu da ƙafarta.

Iskar ɗaki

Da wannan zan fara, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da ya ci mu bara, kuma shi ne abin da mutanen Jos suka fi raina wa. Garinmu yana kan tudu, sama da mita 1,200, da asuba sanyi yakan sauko kusa da digiri 10. Kowa ya san abin da muke yi: a toshe taga, a sa tsumma a ƙasan ƙofa, a taru a ɗaki ɗaya. Ita kuwa wannan cuta a cikin numfashi take tafiya. Mai ɗauke da ita in yana magana ko dariya ko tari, tana fita ta rataya a iskar ɗakin, kuma in ɗakin a toshe yake nan za ta zauna kowa ya shaƙa. Mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani abu a jikinsa.

Ga yadda za ki gane ko ɗakinki yana numfashi. Ki sa turaren wuta kamar yadda kika saba, ki bar taga da ƙofa yadda suke kwana, ki fita. Bayan minti 10 ki dawo ki haska tocila. In kin ga hayaƙin yana nan tsaye a saman gado, to haka numfashin baƙonki zai tsaya. Na gwada a ɗakin Inna da bargon nan a taga, bayan rabin awa hayaƙi yana nan kamar yanzu aka sa. Na cire bargon, na buɗe saman taga faɗin tafin hannu, na bar ƙofa a ɗan sake, kafin in gama wanke kofuna ɗakin ya washe. Sai iska ta samu mashiga da mafita. Taga kaɗai ba ta isa ba in ƙofa a datse take.

Inna ta yi faɗa. Ta ce, "So kike sanyi ya kashe ni kafin cutar ta zo?" Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, ku zan ɗumama, ba ɗakin ba." Na je gwanjo a kasuwar Taminus na sayo safa mai kauri ƙafa uku, da hular sanyi, da suwaita mai dogon wuya, da bargo na biyu. Na ja gadonta daga saitin taga zuwa jikin bangon ciki. Da daddare ina zuba ruwan zafi a roba mai murfi, in naɗe da tawul, in sa a cikin bargo kafin ta kwanta, in cire in za ta shiga. Wannan cirewar a kula da ita: mai ciwon suga da ya daɗe, ƙafarsa takan daina jin zafi sosai, zai iya ƙonewa bai sani ba, kuma gyambon mai suga ba ya warkewa da wuri.

Kasko kuwa na fitar da shi daga ɗakin kwana gaba ɗaya. Ko babu korona, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji su. Duk hunturu sai mun ji labarin gidan da aka wayi gari ba su tashi ba, wani lokaci gawayi, wani lokaci janareta da aka shigo da shi baranda don tsoron ɓarayi. In za a ji ɗumi, a ji shi a tsakar gida ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, a kashe wutar kafin a kwanta.

Sai hirar kanta. Mun ɗauke ta daga dare mun mayar da ita hantsi. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 ranar Jos a Disamba daɗi gare ta, ba ta ƙuna. Akwai wani lungu a tsakar gidanmu da katanga ta tare jaura, nan nake shimfiɗa tabarma biyu, in ajiye wa Inna kujerarta ta ba rana baya. Duk mai son gaishe ta, nan zai same ta. Jikoki su yi ta guje-gujensu, a kawo gwate, faten acca, da zafinsa, a yi hira har la'asar. Da magariba kowa ya koma ɗakinsa. Wanda zai yi mata sai da safe ya tsaya daga bakin ƙofa, in kuma dole ya shiga, mutum biyu a lokaci guda, da takunkumi, ba zama.

Mai zuwa daga tafiya

Magana mafi nauyi ita ce wadda za ki yi a waya kafin mutum ya taso. Nauyi gare ta don a al'adarmu ba a ce wa ɗan'uwa kada ya zo, balle ƙanwa ta faɗa wa yayanta. Na kwana biyu ina juya ta kafin in kira shi. Na ce, "Yaya, Inna tana ta ƙirga kwanakin zuwanku. Alfarma ɗaya nake nema. In akwai mai mura ko tari ko zazzaɓi a cikinku, ko yaro ne, ku ɗaga tafiyar har ya warke. Na san za ka ce hunturu ne, bara ma haka muka ce." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kin yi gaskiya, ni ma abin yana raina." Da na san haka zai karɓa da ban kwana biyu ba. Ki fara da marmarin da ake yi na ganinsu, ki ambaci tsohuwar, ki faɗi buƙatarki sau ɗaya a sarari. Wanda ya ji haushi zai huce. Mu Musulmi muna da madogara ma, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda ita.

Tafiyar Abuja zuwa Jos awa huɗu ce zuwa biyar a mota ɗaya da mutanen da ba ka sani ba, gilashi a ɗage saboda ƙura da sanyi. Abin da na roƙi Yaya, tunda bana motar haya za su hau: su sammako su samu kujerar gefen taga, su bar gilashin a ɗan sauke ko da yatsa biyu ne, su sa rigar sanyi don kada su zama su ne masu cewa a rufe. Takunkumi ya rufe hanci da baki tun daga tasha, da wani a aljihu don canji in ya jiƙe. Wanda ake sayarwa a kemis ya fi na yadi tarewa, na faɗa duk da ni nake ɗinka na yadin. In na yadi ne, ya zama ninki uku, a wanke shi kullum. In an tsaya cin abinci a Akwanga, a ci a waje.

In sun iso, kwana uku na farko a ɗakinsu za su kwana, gaisuwa da Inna a tsakar gida. Alamun cutar sukan bayyana ne 'yan kwanaki bayan kamuwa, wani lokaci har zuwa kwana 14, don haka kwana uku ba katanga ba ce, ragi ne. Amma baƙon mako guda ba za a killace shi mako biyu ba, sai a yi abin da zai yiwu.

Allura

Inna ta ƙi rigakafi wata biyar. Ba jahilci ba ne. Tana da 'yan'uwa a Kano, ta san labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau a 1996, kuma wanda ya san wannan ba a yi masa tsawa don ya yi shakka. Ban yi mata gardama ba. Na je na yi tawa, na dawo na nuna mata katin, ta ga na kwana ɗaya da ciwon dantse da ɗan zazzaɓi, washegari ina kan keken ɗinki. Na tuna mata cewa allurar shan inna ma an guje ta a 2003, aka dawo aka karɓa, ga shi a watan Agustan 2020 an tabbatar asalin ƙwayar cutar ta bar Najeriya da Afirka. Daga ƙarshe abin da ya ja ta shi ne aikin Hajji. Shekara biyu ke nan, 2020 da 2021, ba a je daga ƙasashen waje ba, ta kuma ji Saudiyya tana neman shaidar rigakafi. Ta ce a kai ta.

Allurar korona kyauta aka fara yin ta tun Maris na 2021, bayan kashin farko kusan miliyan 4 ya sauka a Abuja ranar 2 ga watan. An yi ta a asibitocin gwamnati da ƙananan asibitocin unguwa. Ranar 10 ga Disamban 2021 aka fara ta ƙari ga mai shekara 18 zuwa sama wanda ya cika wata shida da yin ta biyu, ko wata biyu ga wanda ya yi ta Johnson & Johnson. Jiki yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya gina kariya, saboda haka wanda ya yi yau bai shirya wa Kirsimeti ba, amma ya shirya wa bukukuwan Janairu da dawowar yara makaranta. Kuma a sani, allurar ba ta hana kamuwa ɗungurungum. Abin da take yi shi ne rage yiwuwar a kai mutum gadon oksijin, ni kuwa gadon nan na san shi.

Biki

Katin biki shida ne a kan teburin shagona, duk tsakanin yanzu da makon farko na Janairu, kuma ankon huɗu daga ciki ni na ɗinka. Ba zan je duka ba. Na zaɓi biyu da rashin zuwana zai zama abin magana har abada, sauran na aika gudummawa da wuri, na kira uwar amarya na yi mata addu'a da bakina. Gudummawar da ta iso kafin biki ta fi mai ita da ta zo ranar wuni hannu biyu amfani, iyayen amare sun san haka.

Wanda zan je, ga yadda nake yi. Wunin da ake yi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa na fi zama a cikinsa a kan kamu a rufaffen ɗakin taro. In ɗakin taro ne, kusa da ƙofa nake zama, nesa da lasifika, domin inda kiɗa ya yi ƙara dole mutum ya kawo bakinsa kunnenki yana ihu. Awa ɗaya ta ishe ni a gan ni, in yi liƙi, in fito. Wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne ɗakin amarya ranar kai ta: mata 20 a ɗaki ɗaya, sabon labule a sauke, turare, guɗa, kuka. Ki leƙa ki sa albarka ki fito tsakar gida. Ruwan wanke hannu a roba ɗaya da kowa zai tsoma, ki ce a zuba miki da buta, sabulu ɗan ƙarami ba ya cika jaka. Kofin kunu ko zoɓo da ake zagayawa da shi, ki wuce shi. Runguma da musafaha na mayar da su hannu a ƙirji da ɗan russunawa, babu wadda ta taɓa cewa na raina ta.

In na dawo daga biki, kwana uku ina sa takunkumi in zan shiga wajen Inna. Ita kam ba ta zuwa ko ɗaya bana. Amaren dangi mun ce a kawo mata su gida bayan biki, da hantsi, ta sa musu albarka a rana.

Kwanon Kirsimeti

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga Kirista ce, 'yar Pankshin, shekara 19 muna tare. Mama muke ce mata duk gidan. Kowace Kirsimeti kwanonta na shinkafa da kaza da cincin yana shigowa gidanmu kafin azahar, kazar kuma maigidana take kira ya yanka mata tun jajibiri don mu ci hankali kwance. Kowace Sallah namu yana shiga nata. Mu a Jos kulle iri biyu muka sani, na cuta da na rikici. A watan Agustan 2021, bayan harin da aka kai wa matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, kuma a kwanakin nan ta saman katanga muka riƙa miƙa wa juna gishiri da ashana da labarin wanda ya dawo gida lafiya. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane nauyin kwanon nan ba. Shi ya sa duk abin da zan rage bana, ban da shi.

Abinci ba shi ne hanyar wannan cuta ba. Dafaffen abinci a rufaffen kwano ba abin tsoro ba ne, a karɓa da hannu biyu, a ci, a wanke kwano, a mayar da shi da wani abu a ciki kamar yadda aka saba. Abin da muka canza shi ne zaman falo. Da can ranar Kirsimeti da yamma mukan cika falon Mama, mu da 'yan cocinsu da danginta na ƙauye. Na same ta tana tsintar acca na ce, "Mama, bana ina za mu zauna?" Ta ce, "Ni ma tunanin da nake yi ke nan, Baba, maigidana, yana fama da asma. A fito da kujeru gindin mangwaro." Kirsimetin bana ranar Asabar ta faɗo, kowa yana gida, za mu shiga da ƙarfe 2 mu fito kafin sanyin yamma.

Ita ce ma ta faɗa mini shirinsu na daren 31 ga wata, da ake kwana a coci ana waƙa har shekara ta shigo. Waƙa a cikin taro tana fitar da numfashi fiye da magana. Ta ce ita za ta je da takunkumi ta zauna bakin ƙofa tare da 'yan zumuntar mata, Baba kuma zai yi addu'arsa a gida ya je sujadar safe da ba ta cika cunkoso ba. Haka maigidana yake yi ranar Juma'a, da dardumarsa, a sahun waje.

Yara kuwa ba a tsare su a hutu. In sun matsa sai an fita, wurin da ba rufi za a kai su: gidan namun daji na Wildlife Park, ko gidan zoo da ke kusa da gidan tarihi. A je ranar aiki da safe. Ranar 26 ga wata da 1 ga Janairu ko ƙafa ba ta samun wurin takawa.

Cefane

Nan ba sai na daɗe ba. Kasuwar Farin Gada a fili take, in kin sammako kafin ƙarfe 8 kin sayi kabeji da karas da dankali kin fito kafin turmutsutsu, kuma a lokacin kaya suka fi kyau. Ki haɗa cefanen mako a tafiya ɗaya. A keke ki zauna gefe. Wanke ledoji da kuɗi da muka riƙa yi a 2020 na daina, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 in an dawo ya wadatar. Abin da ban daina ba shi ne rufe abinci, don rani lokacin zazzaɓin Lassa ne, ɓera ke kawo shi, kuma Filato tana cikin jihohin da yake taɓawa. Cincin da dubulan na biki a zuba su a bokiti mai murfi.

In wani ya kwanta

Da hunturu kowa yana tari, a nan wahalar take. Ƙa'idar gidanmu ita ce duk mura korona ce har sai an gane ba ita ba ce. Mai ita ya koma ɗaki shi kaɗai, taga a buɗe, kofinsa da cokalinsa daban, mutum ɗaya ne zai riƙa shiga wajensa, su biyun da takunkumi, kuma wannan mutumin ba shi ne mai kula da Inna ba. In zazzaɓi ne a fara da gwajin maleriya, na tsinken nan da ake yi a yatsa, minti 20 an gama. Bara mun ɓata kwana biyu muna ba Inna maganin maleriya da na taifot da wani mai kemis ya haɗa mana ba gwaji, cutar kuwa tana cin huhunta. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa korona. Don gwajin korona a tambaya a asibitin gwamnati mafi kusa, ko a kira layin kyauta na NCDC, 6232. A 2021 ba sai an kai samfuri Abuja ba, tun 2020 cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta fara yin gwajin. Ƙa'idar 2021 ita ce wanda ya kamu ya zauna gida aƙalla kwana 10 daga ranar da ya fara jin alamu.

Parasitamol don zazzaɓi, ruwa da yawa, kunu, romo. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, ni ma ina dafawa, amma ba ya kashe cutar, kuma mai suga a rage masa zumar. Sirace in za a yi, ban da yara, tukunyar ruwan zafi ta ƙona yara da yawa. Mai hawan jini da mai suga kada su ajiye maganinsu don suna zazzaɓi, a kuma riƙa auna sugan fiye da kullum, rashin lafiya yana hargitsa shi.

Abu ɗaya da na saya bayan mun fito asibiti shi ne ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini. Manyan kantunan magani suna da ita. Lafiyayyen mutum takan nuna 95 zuwa sama. In ta sauko 94 ko ƙasa a nemi likita a ranar, in ta kai ƙasa da 90 a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Amfaninta shi ne wannan cuta tana iya rage oksijin mutum yana zaune yana hira bai ji komai ba. Inna ranar da muka kai ta cewa take gajiya ce kawai. A ɗumama hannu kafin a auna, yatsa mai sanyi yana ba da lambar ƙarya, haka farce mai fenti ko baƙin lalle, sai a nemi yatsan da ba shi da su. Ko babu na'urar, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, ruɗewa, barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, ko leɓe ya canza launi, ba a jiran safiya da su.

Kuma a tanadi hanyar tafiya tun ana lafiya. Daren da muka fita da Inna mun fi awa ɗaya muna neman mota. Yanzu lambar maƙwabta biyu masu mota tana rubuce a bangon kicin, ɗaya ɗan Mama ne. Kwasar adashena ta Nuwamba na raba ta biyu, rabi na sa a hidimar hutu, rabi yana cikin gwangwani a ƙasan akwatin Inna tare da katin asibitinta da sunayen magungunanta a takarda. Leshin da na so saya wa kaina ya jira Ƙaramar Sallah.

Su Yaya ranar Alhamis za su taso. Jiya ya kira ya ce kowa lafiya, ƙaramin ne ya yi atishawa sau biyu suna kallonsa, in ya wayi gari da mura sai Lahadi. Na share ɗakin baƙi, na cire bargon da ke tagarsa, na kai musu barguna uku. Inna ta sa an wanke tabarmi an shanya, ta kuma ce in sayo acca mudu biyu da yakuwa da gauta, don ranar Juma'a da hantsi ita da kanta za ta zauna a kujerarta ta nuna wa matar Yaya yadda ake gwate.